Ranar da Inna ta bi zabin daji

Ko da tsufa ya kwashe min komai, ba na jin zai iya ɗauke min ranar da mahaifiyata ta bi zabin daji.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Mora. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo mana, suka kashe mahaifina a ƙofar gida, sai na kwaso Inna da matata da yara muka sauko Garwa. Na samu aron fili a bakin kogin Binuwai ina noman albasa da rani. Kowa ya saba da sabon wuri, ban da Inna. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, amma magana ta ƙaurace mata. In an kai mata tuwo, sai ta ci loma biyu ta ture kwanon.

Abu ɗaya ne ke fito da ita daga ɗaki. Da rani, in daji ya bushe, zabin daji kan sauko garke guda su zauna kusa da kogi. Kullum da hantsi sai ta bi ni lambu, ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ta watsa musu tsabar dawa daga bakin zanenta. Tun suna gudu har suka daina.

Da ruwan farko ya sauka, zabin suka fara janyewa. Haka suke yi kowace shekara, su haura da ƙafa zuwa duwatsun da ke arewa da gari, su rabu biyu-biyu su yi ƙwai cikin sabuwar ciyawa. Ni ban ɗauki abin komai ba. Wata safiya ina can ƙasa ina gyara injin ban ruwa, na dawo na tarar da tabarma babu kowa.

Na duba gida, na duba maƙwabta. Na tsaya a bakin kogi ina kallon ruwa, ina tsoron ko ta faɗa ciki. Can sai na ga sawun silifas ɗinta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, haɗe da sawun zabi, duk sun nufi arewa.

Rana ta take sosai kafin na haɗu da wani dattijo Bafulatani yana kiwon shanu. Na gaishe shi da ɗan Fulatancin da na koya, ya amsa min da Hausa.

"Tsohuwa kake nema? Tana gindin dutsen can. Na ba ta nono ta sha. Na ce ta tsaya, rana ta yi zafi."

Na same ta zaune a kan dutse, ƙafafunta duk ƙaya, silifas ɗaya ya tsinke. Na durƙusa ina cire mata ƙayar.

"Inna, ina za ki?"

Ta daɗe tana kallon ciyawar da zabin suka shige. Sannan ta ce, "Su in lokaci ya yi sai su tashi su koma, ba mai hana su. Ni ko kabarin ubanka ban sani ba."

Gaskiya ta faɗa. Maƙwabta ne suka binne shi bayan mun gudu. Na goya ta a baya muka sauko daga dutsen, ba ta fi nauyin yarinya ba.

Da rikici ya ɗan lafa, na kai ta ƙauyenmu. Gidanmu babu rufi, ciyawa ta cinye tsakar gida. Wani tsoho da ya rage a ƙauyen ya nuna mana kabarin. Inna ta tsaya daga nesa ta yi addu'a mai tsawo, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da muka gudu. Da ta gama, ta share fuska ta ce, "To, mu koma gida, jikokina na jira." Ranar ce ta fara kiran Garwa gida.

Ta yi shekaru tare da mu bayan nan, tana ci, tana hira, har Allah Ya karɓi abinsa. Abin da na koya shi ne, wanda aka raba da garinsa da ƙarfi, abinci da ɗaki kaɗai ba sa zaunar da shi. Sai ya samu ya yi sallama da abin da ya bari, sannan zuciyarsa ke yarda ta sauka.