Bakwai Hagu, Bakwai Dama

Duk mai sa hula a unguwar Moduganari da ya ce bai san Ya Gana ba, ƙarya yake yi. Shekara talatin ke nan tana ɗinkin hula a gindin dalbejiyar gidanta, allura a hannu, goro a kunci, kuma ba a taɓa dawo mata da wadda adonta ya karkace ba. Amma da an ambaci lissafi sai ta kama kunne. Tun tana aji biyu wani malami ya ce kanta ba ya ɗaukar lamba, ita kuwa ta riƙe maganar kamar wasiyya.

Da aka buɗe ajin manya a unguwar, maƙwabciyarta Saude ce ta ja ta. Karatu ya tafi daidai har ranar da Malama Agnes ta zo da lambobin da ke ƙasa da sifili. Ya Gana ta ce ita fa ba ta ga abin da zai gaza babu ba. Mata suka kwashe da dariya, abin kuwa ya yi mata ciwo ƙwarai. Washegari tun a ƙofar aji ta miƙa wa Saude littafinta, ta ce ta ci gaba da rubutu a ciki, ita sallama kawai ta zo yi.

Ta zauna can baya tana ɗinkinta, tana jiran a tashi. Malama ta ja dogon layi a allo, ta sa sifili a tsakiya, ta jera lambobi a dama, masu alamar ɗebewa kuma a hagu. Sannan ta tambaya, tsakanin bakwai ɗin hagu da bakwai ɗin dama wacce ta fi nisa da sifili. Aji gaba ɗaya ya ce ta dama, ai ita ce babba.

"Kai, ina!" in ji Ya Gana, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Nisansu ɗaya."

"Ya aka yi kika sani, Mama?" in ji Malama.

Ta ɗaga hular. "Ga tsakiyar ado. Daga nan nake ƙirga ɗinki bakwai hagu, bakwai dama. In ɗaya ya fi ɗaya, mai hula zai shiga kasuwar Gamboru kamar an mare shi."

Aka sake dariya, amma wannan karon har da ita. Malama Agnes ta ce abin da take ta fama ta koya musu ke nan: kowace lamba tana da nisanta daga sifili, ko ta wane gefe take.

Ya Gana ta dubi allon, ta dubi hular, ƙirjinta ya cika da daɗi har ta ji ƙwalla. Ashe sifilin nan tsakiya ce kawai, kuma shekara talatin daga nan take fara aiki.

Ta ajiye allura, ta taɓa kafaɗar Saude.

"Ba ni littafina. In kin yi rubutu a ciki, ki goge."