Tarin Injin Motata Ya Sa Na Rantsar da Yayana

Edita, bayan sallama da fatan alheri. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, sai in ɗauki biro in ajiye. Ba zan ambaci sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa suna raye.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ni malamin firamare ne a Gwarzo, da mata da 'ya'ya uku, da albashin da ba ya kai mu tsakiyar wata. Asalinmu makiyaya ne daga wani ƙauye kusa da Kutama, amma tun zamanin kakanmu aka zauna aka kama noma. Da mahaifinmu ya rasu, sai na sayar da shanun da suka faɗo a rabona na sayi tsohuwar mota 'yar Kwatano, don ta riƙa jigila tsakanin Gwarzo da Kano. Ban iya tuƙi ba, ban san komai a inji ba. Abin da nake da shi kawai shi ne cutar wanda ya ɗan yi boko, wato ganin duk abin da ban sani ba zan iya gano shi da tunanina.

Wanda na ba tuƙinta ɗan wan mahaifina ne, Yaya nake ce masa, don ya girme ni nesa ba kusa ba. Da can direban gwamnati ne, ostariti ya zo, wato zamanin tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata, ya koma gona a Sabon Birni. Lokaci-lokaci in wani direba ya gaji a tasha sai a kira shi, saboda kowa ya san hannunsa da amanarsa. Sunan nan shi ne duk jarinsa. Ranar da na miƙa masa makulli ya daɗe yana juya shi a tafin hannu, sannan ya ce Allah ya ba shi ikon riƙewa.

Mu a gidanmu mutum ba ya karyawa sai ya duba dabbarsa, to haka na ɗauki motar nan. Kullum in na dawo daga sallar Asuba sai in ja ruwa a rijiya in wanke ta tas, in ɗaga bonet in sheƙa wa injin ruwa da garin sabulu har ya yi ƙyalli. Wata rana Yaya ya yi sammako ya tarar da ni. Ya yi dariya ya ce inji ba saniya ba ne, ba ya son wanka, in bari. Na ce to. Amma a raina na ce motar da ke tafiya cikin ruwan sama me ruwan rijiya zai yi mata? Sai na ci gaba, illa dai ina goge injin da tsumma kafin ya iso a kan kekensa. Shi kuwa ya ɗauka na daina.

Wata biyu da fara aiki motar ta soma tari. In an tayar da ita da safe sai ta riƙa karkarwa, salansa na fat-fat, a hanya tana fizga tana saki. Kanikawa mis suke ce wa wannan, wato wani filogi ba ya ba da wuta a kan lokaci. Abin haushin, da rana ta ɗaga sai ta koma lafiya lau. Duk garejin da Yaya ya kai ta bayan ya sauke fasinja a Kano, sai a tayar a ji shiru. Wani ya canza filogi. Wani ya kwance kafireta ya wanke. Wani ya sa sabon famfon mai. Washegari da safe ta koma gidan jiya. Fasinjojin safe suka fara gudunmu, ni kuma duk dawowata daga makaranta sai in tarar da sabon labari da tsohon ƙarfe a leda. Na gaji, gajiyar da ke sa mutum ya fara neman wanda zai ɗora wa laifi.

Lokacin ana wahalar mai. Wani bakanike ya shinshina tanki ya ce yana jin kamar akwai kananzir a ciki. Na ce ƙila daga 'yan bumburutu ne, masu sayar da mai a galan a bakin hanya, don haka na hana a saya a wurinsu, ni da kaina nake bin layi a gidan mai ranar da ba makaranta. Tarin bai daina ba. Sai wani a majalisarmu ya ja ni gefe ya ce ai tsofaffin direbobin gwamnati sun ƙware, da yamma suke zuƙe fetur da tiyo su sayar, su cike gurbin da kananzir, shi ya sa da safe mota ke tari. Maganar ta zauna mini daram. Ban ga komai da idona ba, amma na haɗa wannan da wancan na ji kamar na warware jarrabawa.

Na kai ƙara wurin Baffanmu, ƙanin iyayenmu, wanda shi ne limamin ƙauyenmu. Sau uku yana tambayata ko na gani, ina cewa ban gani ba amma na tabbata. Ya ce in yi haƙuri in karɓi motata kawai, zumunci ya fi tankin mai. Na ce in ba a rantsar da shi ba gaban alƙali za mu. Ku tuna lokacin ne da ko wace majalisa zancen haddin sata ake yi, kalmar ɓarawo ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba. Aka kira Yaya ranar Juma'a bayan La'asar, mutane cike da ƙofar gida. Da ya ji abin da nake tuhumarsa da shi bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko da gaske ni ne na faɗa, na ce ni ne. Ya tashi ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa ɗibar ko cokali ɗaya ba. Ya ajiye makulli a kan tabarma, ya hau kekensa ya tafi.

A wurinmu in mutum ya rantse, ido ake zuba masa a ga abin da zai same shi. Kafin sati biyu ciwon shawara ya kwantar da Yaya, idanunsa suka yi ɗorawa, ya rame. Nan da nan gari ya ɗauka cewa Alƙur'ani ya ci shi. Ni ban faɗa da bakina ba, amma ban hana ba, kuma ina neman gafarar Allah, har wani daɗi na ji. Ko dubiya ban je ba. Na ɗauki sabon direba, motar ta ci gaba da tarinta, na ce wa kaina kananzir ɗin ne ya riga ya lalata inji.

Wata Asabar da sassafe na bi motar zuwa Kano, ta mutu mana a kusa da Kabo. Muka tura ta wurin wani dattijon bakanike da ke aiki a ƙarƙashin darbejiya. Bai taɓa sifana ba. Ya zauna a benci yana tambayata kamar likita, yaushe take yi, yaushe take dainawa, ina take kwana, wa ke fara taɓa ta da safe. Ya bar ta a rana da bonet a buɗe har hantsi, ya tayar, ta tashi sumul. Sannan ya ɗauki butar alwalarsa ya yayyafa ruwa a kan wani baƙin murfi da wayoyin filogi ke fitowa daga cikinsa. Nan take ta fara karkarwa. Ya cire murfin ya nuna mini tsaga siririya kamar silin gashi, da raɓa kwance a ciki. Ya ce Malam, man motarka ba shi da laifi, wani ne ke yi wa injin nan wanka. Sabon direbana ya ce shi dai ba shi ba ne. Na nemi wuri na zauna a ƙasa.

Ranar ban kai Kano ba, Sabon Birni na wuce. Na tarar da Yaya a zaure ya fara samun sauƙi. Na faɗa masa komai, har da gogewa da tsumma. Ya saurara har na gama, ya ce ya yafe tun ranar, amma makulli kam in riƙe abina. Na roƙi Baffa ya sake tara mutane. Ranar rantsuwa ƙofar gida ba masaka tsinke, ranar wanke shi kuwa dattawa kaɗan ne suka zo, suka ce Allah ya kyauta suka watse. Tun daga nan ba wanda ya sake kiran Yaya a tasha. Noma yake yi har yau, ga tsufa. Muna gaisawa, yana zuwa sunan 'ya'yana, amma bai ƙara zama ya ci abinci a gidana ba.

Abin da na koya shi ne, in abu ya ƙi ganuwa, mutum ya fara binciken hannunsa kafin ya duba na wani, musamman abin da aka hana shi yake yi a ɓoye. Masu motoci da masu shaguna da duk wanda ya ba wani amana, ina roƙonku kada gajiya da zugar majalisa su sa ku kai ɗan'uwanku gaban Alƙur'ani a kan abin da ba ku gani ba. Gyaran motata bai ɗauki minti goma ba, amma na shekara da shekaru ina bin mutane ɗaya-ɗaya ina gyara maganata, ta ƙi gyaruwa. Ko a bara, a wurin wata jana'iza, na ji wani yana nuna wa baƙo Yaya yana cewa wancan ne wanda rantsuwa ta kama. Na matsa na ce masa ƙarya ne, ni ne mai motar, ni na zalunce shi. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ai na kyauta, dama ɗan'uwa na gari shi ne mai rufa wa nasa asiri.