Jinin da Ya Daɗe a Hanya

A Illela aka haife ni, can na yi lakwal, wato makarantar boko, amma aiki ya kawo ni Ƙonni. Shekara takwas na yi a labo na wani asibiti a garin kafin in koma karatu. Aikina ɗibar jini da duba shi, in rubuta sakamako, in miƙa ta taga.

A cikin shekarun nan na saba ganin wasu mata da ake kawowa wata ɗaya ko biyu bayan haihuwa. Ƙafafu sun kumbura, numfashi na yi musu wuya, ba su iya kwanciya sai a jingine su da matasai. Mata ne masu ƙarfi, waɗanda kafin ciki suke daka da ɗibar ruwa ba gajiya. Wasu magani ya karɓe su su koma gida, wasu kuma a'a. Abin da na sani kawai shi ne zuciya ce ta yi rauni. Dalilin da ya sa ta kama wannan ta bar waccan, ba wanda ya iya gaya mini.

Akwai wani likitan zuciya da yake zuwa daga Yamai lokaci-lokaci da na'urarsa ta hoton zuciya. Yana koyarwa a jami'a. Ya lura ina yawan tsayawa bayansa ina tambaya, wata rana ya ce, “Madam, tambayoyin nan naki sun isa a yi digiri a kansu. Ki zo ki yi rajista.” Haka ya zama malamina.

Abin da ya ɗora ni a kai shi ake kira furotiyomik. A labo mun saba auna abu ɗaya-ɗaya, yau sukari, gobe gishirin jini. Shi wannan, ana ɗaukar ɗigon ruwan jini a sa a wata babbar na'ura, ta karanto dukan ire-iren furotin da ke ciki a lokaci guda, da yawan kowane. Tunaninmu shi ne, in aka gwada jinin masu ciwon da na mata masu lafiya da suka haihu a lokaci ɗaya, wataƙila a ga wani furotin da ya bambanta su. In an same shi, wata rana za a iya gane mace tun kafin ƙafarta ta kumbura. Na'urar ba mu da ita a ƙasar. Namu tara jini, a daskarar da shi, a aika waje.

Na marasa lafiya bai ba ni wuya ba. Ɗakinsu taku kaɗan ne daga labo. In na ɗiba, in sa a injin da ke juya jini ya raba ruwan da ƙwayoyin, in tsotse ruwan, in jefa a firiza. Kafin awa ɗaya an gama. Masu lafiya su ne matsalar, don mai jego lafiyayya ba abin da zai kawo ta wajenmu. Sai na tuna da wata ƙawata tun ta lakwal, ungozoma ce a ɗakin shan magani na wajen Badaguishiri. Ta ce in riƙa zuwa ranar rigakafin jarirai, mata suna cika rumfar.

Haka na yi ta yi wajen wata bakwai. In yi musu bayani, wadda ta yarda ta dangwala hannu, in ɗibi jinin, in jera kwalaben cikin gilasiyar, akwatin sanyi mai ƙanƙara, in fita bakin gudro, babbar kwalta, in jira mota. Wani lokaci motar ta cika da wuri. Wani lokaci a tsaya ɗora buhunan albasa, a tsaya Tsarnawa sauke fasinja, a tsaya salla. Gilasiyar tana kan cinyata, ina jin kwalaben suna kaɗawa a duk ramin da muka faɗa. Sai na iso Ƙonni da la'asar nake juya jinin in daskarar. A bazara nakan tarar ƙanƙarar ta zama ruwa, amma ruwan da sanyinsa, sai in ce ba laifi.

Sakamakon ya zo bayan watanni. Na buɗe shi a ordinatar, wato kwamfuta, na ga jerin furotin masu yawa da suka bambanta tsakanin rukunin matan biyu, har sai na gangara shafi. Na kira malamina nan take. Shi ma ya ji daɗi. Ya ce, “To, kin samu abin faɗa. Zan sa sunanki a seminar.”

Seminar ɗin nan taro ne da ake yi sau ɗaya a wata ta intanet, na masu fara bincike daga ƙasashe daban-daban. Mutum biyu ko uku su gabatar da aikinsu, kowa minti goma sha biyar, sannan manyan malamai su yi tambaya. Na fi shekara ina shiga ina saurare, ban taɓa buɗe baki ba. Da aka ce ni ce, na yi sati uku ina maimaita jawabin da agogo a gabana, har abokan aikina suka haddace farkonsa, suna tsokanata da shi in na shigo da safe.

Ranar Laraba ce bayan azahar. Na ari buro, wato ofishin mai kula da magunguna, don nan ne rezon intanet ya fi ƙarfi, na liƙa takarda a ƙofa kada a ƙwanƙwasa. Jawabin ya tafi daidai. Faransancina bai sarƙe ba, hoton bai yanke ba. Wani ya tambayi shekarun matan, wata ta tambayi ko mun rubuta abin da suke ci da sha a jego. Duk na amsa.

Sai mai jagorantar taron ya ce Farfesa tana da tambaya. Wata dattijuwa ce da ta yi ritaya, gashinta fari fat, ta yi rayuwarta duka a gaban irin na'urar nan. Kullum tana zuwa, ba kullum take magana ba.

Ta ce, “Na gode, aikin ya yi tsabta. Abu ɗaya nake so in sani. Daga lokacin da allura ta fita hannun mace zuwa lokacin da ruwan jinin ya shiga firiza, awa nawa?”

Na ce, “Ƙasa da awa ɗaya, Farfesa.”

“Duka?”

Na ce, “Na marasa lafiya.”

“Na masu lafiyar fa?”

Na fara lissafi da baki, jiran mota, albasa, Tsarnawa. Na ce awa huɗu, wani lokaci shida. Ta tambaya ko ina juya jinin kafin in hau mota. Na ce a'a, can ba injin.

Ta cire gilashinta ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jinin da ke cikin kwalba bai mutu ba, ƙwayoyinsa suna ci gaba da aiki, wasu suna fashewa suna zubar da abin cikinsu, wasu furotin suna gutsurewa. Ta ce waɗanda ke saman jerina ta san su sarai, su ne waɗanda ake gani in jini ya zauna ko ya sha girgiza. Sannan ta ce, “Ban ce ba ki gano komai ba. Cewa na yi, a yanzu ba wanda zai iya rabe abin da ya fito daga zuciya da abin da ya fito daga tafiyar mota, tun da duk masu lafiyar sun hau mota, duk masu ciwon ba su hau ba.”

Na yi godiya. Aka wuce ga mai gabatarwa na gaba, wani saurayi mai aiki kan hawan jini, ban ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan. Ni ce nake mayar wa masu jinya da kwalba in sun bar ta kan tebur ta daɗe, in ce sukarin zai sauka, sakamakon zai yi ƙarya, a sake ɗiba. Na yi faɗa da mutane a kan haka. Amma da aka zo aikin kaina, hankalina duka yana kan babbar na'urar da ke waje, ban dubi abin da ke kan cinyata ba. Malamina ya kira da yamma ya ce shi ma da nasa sakacin, shi zuciya ya sani, bai tambaye ni hanya ba. Na ce, “Malam, fannina ne.” Kwana biyu ban buɗe ordinatar ba.

Da na buɗe, na tarar da saƙo daga Farfesa. Ta nemi adireshina wajen masu shirya taron. Shafi biyu ta rubuto. Ta ce kada in yarda da maganarta kawai, in gwada. In ɗibi jinin mutum ɗaya in raba biyu, rabi ya shiga firiza nan take, rabi ya yi tafiyar.

Na ɗibi nawa da na abokan aikina uku. Rabi na juya na daskarar. Sauran na sa a gilasiyar, na je tasha na hau motar Tawa, na sauka a rabin hanya, na jira wata na dawo. Direban da ya dawo da ni ya san ni, ya ce, “Madam, yau ba ki kai ba?” Na ce yau yawo kawai na kawo kwalaben. Ya dube ni ta madubi. Da aka sa waɗannan kwalaben a aiken da ya biyo baya, amsar ta zo kamar yadda ta faɗa. Jinina da ya hau mota ya bambanta da jinina da ya zauna gida, kuma a kan yawancin furotin ɗin da na yi murna da su.

Ba yadda za a gyara abin da aka riga aka ɗiba. Matan farko sun fita jego, sai an nemi sababbi. Amma na yi musu alkawarin dawowa da bayani, don haka na koma Badaguishiri. Ƙawata ta tara waɗanda suka samu zuwa. Wata ba ta zo ba, ta aiko cewa tana garka, in ina son ta in bi ta. Babbar mace ce, haihuwarta ta bakwai ce lokacin da na ɗibi jininta, kuma ita ta fara miƙo hannu ranar farko, sauran suka biyo.

Na same ta a fadama tana ban ruwan albasa, ɗan na goye. Muka gaisa, ta juya bokiti na zauna.

Ta ce, “To, ɗiyata, mi anka gani cikin jinin nau?”

Na ce, “Inna, ba a ga wani ciwo ba. Amma aikin da na ɗiba dominsa ya ɓaci, kuma ni na ɓata shi. Na bar jinin ya daɗe a hanya.”

“Ya zube?”

“Bai zube ba. Ya canza ne.”

Ta ci gaba da zuba ruwa a kwamin da ke gabanta. Ta ce, “Ke da kinka yi lakwal, ba ki san shina canzawa ba?”

Na ce, “Na sani. Ban yi tunani ba.”

Ta yi 'yar dariya. Ta ce ita dai ta ɗauka na zo in gaya mata mugun labari, shi ya sa ta ƙi zuwa cikin mutane. Ta tambaya ko yanzu wani jinin nake so. Na ce nata ya wuce lokaci, sai na masu sabon jego. Ta ce ɗiyar ƙanenta ta yi arba'in shekaranjiya, da wasu biyu a unguwarsu, za ta yi musu magana, amma kada in sa ran za ta tilasta kowa. Ranar rigakafin da ta biyo baya, biyu daga cikinsu suka zo.

A zagaye na biyu komai ya sauya. Malamina ya samo aron ƙaramin injin juya jini da wata 'yar firiza da ke aiki da batir. Ƙawata ta ba ni kusurwa a ɗakinta, kusa da inda wutar rana take shigowa. A jikin kowace kwalba ina rubuta lokaci uku: na ɗiba, na juyawa, na daskarewa. Marasa lafiya na Ƙonni ma na sake farawa da su, da injin nan ɗaya, da jira iri ɗaya, ina kallon agogo ko da firiza tana bayana. Kwalbar da ta wuce lokacinta ina zubarwa in rubuta dalili. Aikin ya ci fiye da shekara, waɗanda muka yi rajista tare suka gama suka bar ni.

Da sabon sakamakon ya zo, jerin ya ragu ƙwarai, ya koma 'yan layuka. Ban kira kowa nan take ba. Na fara duba ko waɗanda suka rage suna cikin masu canzawa a mota, na ga ba su ciki. Ko suna da amfani ga mai jego, wannan sai an gwada a wasu matan, a wasu garuruwa, kuma ba ni kaɗai zan yi ba.

Aka sake ba ni minti goma sha biyar a seminar. Biyar na farko na ɓata su a kan kuskuren, da hoton gilasiyar da na motar. Farfesa ba ta zo ba ranar, an ce ba ta jin daɗi. Bayan taron mutum huɗu suka rubuto suna neman takardar da nake rubuta lokutan a kai, ɗaya daga cikinsu ya ce nasa jinin a jirgin ruwa yake zuwa. Na aika musu, na aika wa Farfesa jawabin gaba ɗaya. Ta amsa bayan sati biyu, da gyara uku a tebur na biyu da tambaya a kan irin allurar da na yi amfani da ita.