Maganin Inna da Kawu Ya Zubar

Bana shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifiyata, Inna Hajara, kuma zan faɗi abin da aka yi mini ba ɓoye-ɓoye. Ƙanenta, Kawu Ilu, ya ɗauki ƙwayoyin hawan jinin da na karɓo mata a asibiti a Daura ya zuba a masai. Wai hawan jini ciwon masu ƙiba ne, masu cin nama kullum, ba na siririyar mace mai surfe a ƙauyen Zango ba. Wai ni da na tsaya a aji huɗu ba zan koya wa dangi ciwo ba. Da ɓarin jikinta ya shanye, suka ce iska ce ta buge ta a gindin tsamiya. Mako guda ana yi mata hayaƙi, ta cika.

Inna ta san mutuwa, amma irin ta da. Mu tara ta haifa, huɗu muka rayu. Ƙyanda ta ɗauki biyu a bazara ɗaya, gudawa da zazzaɓi suka kwashe sauran. Shi ya sa ba ta sakin jiki da yaro sai ya yi ƙyanda ya tashi.

Da za ta leƙo yau ta ga 'ya'yana shida duk suna nan, kowa da tabon rigakafi a dantse, na san sai ta ƙirga su sau biyu. Abin da zai ɗaure mata kai, yanzu manya ne ke faɗuwa: suga, hawan jini, ƙoda, ga haɗarin babur a hanyar Mai'adua. Amma yawancin cututtukan nan ana tarar su da wuri in mutum ya yarda a auna shi. Matan gidanmu sun yarda, saboda ita. Har gishirin miya sun rage, ina mita ina ci.

Da daminar nan Kawu ya fara ciwon kai da jiri, yana ɓoyewa. 'Yarsa ce ta gaya mini. Kwana biyu ina cewa ba ruwana. A na uku na tuna Inna ce ta goye shi, kuma ban taɓa ganin fushi ya hana ta duba mara lafiya ba. Na tayar da babur sai ƙofar gidansa.

Ya ce, "Kai ne? Ai rana ce kawai ta buge ni a gona."

Na ce, "Kawu, ban yafe ba tukuna, kada ka ɗauka na yafe. Rai na Allah ne, na sani, amma yau sai an auna ka. Hau mu tafi, ka riƙe ni da kyau."