Sarƙata a Bakin Akwatin Batir

A shekarar da man fetur ya gagari mutane, maigidana ya janyo wata tsohuwar mota zuwa filin bayan gidanmu a Sabon Gari, ya cire injinta, ya ce da batura za ta riƙa tafiya. Maƙwabta suka yi ta dariya. Ni kuwa har na hango mu a kan gadar Wudil da yamma, ba ƙara ba hayaƙi, iskar kogi tana kaɗa mayafina.

Akwatunan ƙarfe biyu aka ƙera wa baturan, za su zauna a but ɗin motar. Na farkon ya riga ya zauna, cike da batura, an haɗa wayoyinsu, murfi ne kawai ba a yi masa ba. Na taɓa ganin sufanar ɗaure noti ta faɗa kan kawunan baturan nan. Ta yi tartsatsi, bakinta ya narke kamar kitse.

Ran wata Juma'a bayan la'asar ya leƙo ɗaki. Abokinsa mai walda ya tafi kasuwa, ga akwati na biyu yana son ɗaurawa.

"Gimbiya, zo ki ara mini hannu."

Na taso da karatun littattafan soyayya, a cikinsu kuma mace ba ta zuwa gaban mijinta sai da ado. Na shafa turare, na saka doguwar sarƙata. Da ya ga awarwaro a hannuna ya ce in cire, na cire. Sarƙar tana ƙarƙashin mayafi, bai gan ta ba, ni ma na manta da ita.

Ya yanke ƙasan but ɗin daidai girman akwatin. Aikina in riƙe shi ta sama kada ya zurma, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashin motar ya ɗaure notuna huɗu. Ya rufe baturan akwatin farko da buhu, na miƙa jikina ta samansu, na kama hannayen ƙarfen akwati na biyu.

"Ko Sarkin Aljannu ne ya kira ki kada ki saki," in ji shi daga ƙasa. "Fuskata ce a nan."

Yana kan noti na farko na ji buhun ya zame. Na duba. Kawunan batura a fili, jere, suna ƙyalli. Sai sarƙar ta sulluɓo daga mayafi, ta tsaya tana lilo, tsakaninta da su bai kai tsawon yatsa ba.

In ta taɓa, wuta ce zagaye da wuyana. In na ɗaga hannu ɗaya, akwatin ya sauka a fuskarsa. In na yi ihu, na san halinsa, zabura zai yi ya saki gefen da ya tokare. Na sunkuyar da haɓata a hankali, na bi sarƙar da leɓe, na cafke ta da haƙora.

"Kina nan kuwa?"

Na ce, "Mm."

"Yau kuma jan aji ake yi mana? To, Allah ya huci zuciyar Gimbiya."

Yana ta 'yar waƙarsa, sufana tana ƙas-ƙas. Gumi ya shiga idona. Yawu ya taru a bakina, ina tsoron haɗiyewa, ina tsoron ya ɗiga. Duk addu'ar da na sani na karanto a zuci, nakan kai tsakiya in rasa ƙarshenta.

"Saura ɗaya. Af, wannan ya hau a karkace, bari in kwance."

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na dai ji ya ce, "Saki," na kasa. Ya fito yana kakkaɓe riga yana dariya, ya zagayo, ya gan ni. Dariyar ta ɗauke.

"Kada ki motsa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ɗauko tabarmar roba ya shimfiɗa kan baturan, ya zagaya bayana ya ɓalle sarƙar. Sau uku yatsunsa suna kuskure maɓallin. Sannan ya ɓamɓare yatsuna daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, muka zauna a ƙasa, bayanmu jingine da taya. Leɓena yana jini. Ya goge mini da gefen rigarsa mai baƙin mai, yana ta maimaita innalillahi, ni kuma sai a lokacin kuka ya zo mini.