Gaisuwar da Yaya Hamidu Ya Bar Mini a Baki

Ina bakin aikin gadi a wani kanti a unguwar Gharrafa da ke Doha, bayan Azahar, aka kira ni cewa Yaya Hamidu ya yanke jiki ya faɗi kusa da motar da yake tuƙawa. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara shida muna ɗaki ɗaya a unguwar Madinat Khalifa, kuma har yau ban saba da shirun ɗakin ba.

Mahaifinsa Bakano ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar birnin Bangui, ba ta jin komai sai yaren Sango. Duk Juma'a yake kiranta, kuma ya dage sai na koyi gaishe ta da yarenta. A nan ya sha fama da ni. Kalmominsu da yawa da haɗaɗɗun baƙaƙe suke farawa, mb, nz, kp, ngb, ni kuwa bakina na Bakatsine sai ya cusa wasali a tsakani. Yakan ajiye kofin shayi ya ce, "Sani, rufe leɓe, toshe maƙogwaro, ka sake su lokaci guda. Ba sa son ɗan rakiya." In na kwafsa ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Yalla, maza sake. Tsohuwa tana jira." Bai taɓa ƙosawa ba.

Ni kuwa kunya ta hana ni. Duk sanda ya miƙo mini wayar sai in ce ya bari sai na ƙware. Ban taɓa karɓa ba yana raye, kuma wannan na cin raina ƙwarai.

Bayan an rufe shi a nan Doha, abokai suka ce ni zan yi mata ta'aziyya, tunda ba wanda ya san ko kalma ɗaya ta Sango sai ni. Na kira ta a waya na ce, "Mama, mbi bara ala," wato ina gaishe ki. Na ambaci Nzapa, sunan Allah a yarensu, sauran maganar ta maƙale. Can sai jikarta mai jin Hausa ta karɓi wayar ta ce, "Kawu, ta ce ka sake faɗar gaisuwar. Wai haka Hamidu yake faɗinta."

Na yi ta maimaitawa, tana kuka ina kuka.

Allah Ya jiƙan Yaya Hamidu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna makomarsa. Allah Ya raya abin da ya bari, Ya sanyaya zuciyar tsohuwar da ta rasa muryar ɗanta. Amin.