Mai Tsince Gawayi Mai Ƙyalli

Yana tsugune gaban buhunan gawayin ƙasa na Hajiya Bilkisu a unguwar Dar es Salam, sanye da farar riga. Faratansa tas suke, da gani bai saba hura wuta ba. Yana ɗaukar dunƙule, ya juya shi a rana, ya karce da makulli, ya shinshina. Masu kyan yake mayarwa. Masu ɗigo-ɗigon ƙyalli kamar zinariya yake tarawa a leda.

Na san ɗigon nan, ilimin duwatsu na karanta a jami'a: farar wuta ce haɗe da ƙarfe. Hayaƙin irinsa ne ya shaƙe ƙanwata a madafa, har yau tana asibiti. Tun ranar, ko warin ashana na ji sai gabana ya faɗi.

Wataƙila malami ne zai nuna wa ɗalibai. Wataƙila wani zai ruɗa da sunan zinariya, ko ya cika buhun sayarwa.

"Alhaji, irin wannan gawayin tari yake sa mata masu girki," in ji Hajiya.

"Ki dai aje mini duk irinsa." Ko kai bai ɗago ba.

Ya hau babur. Na bi lambar da ido, amma laka ta rufe ta.